Kwana huɗu a Tucson: ruwa, ƙaya da tambayar kitsen alade

Na yi kwana huɗu a Tucson, birnin da ke kudancin jihar Arizona ta Amurka, a tsakiyar hamadar Sonora. Abin da na fara ganewa shi ne, a garin nan rana ce ke tsara wa mutum yininsa. A watan Yuni zafi kan haura digiri 40. Wanda ya san bazarar Sakkwato zai ce ai ba baƙon abu ba ne, amma a gida ba ma hawan dutse da tsakar rana. Iskar busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka gan shi, sai ka zaci lafiya kake alhali ruwan jikinka na ƙarewa. Ƙa'idar da na bi: lita ɗaya a kowace awa ta tafiya, da wani abu mai gishiri a jaka, kuma da zarar rabin ruwan ya ƙare sai a juya, ko da wurin da ake nufi yana gaban ido. A fita bayan sallar asuba, a dawo kafin ƙarfe goma. Mai zaɓi ya zo tsakanin Nuwamba da Maris.

Gandun Saguaro kashi biyu ne, ɗaya gabas da birnin, ɗaya yamma. Sunan wata doguwar murtsunguwa ya ci, wadda kan shekara 50 ko fiye kafin ta fitar da reshen farko. A gabas akwai hanyar mota mai kwalta da ke zagayawa, kimanin kilomita 13. Na fi son yamma: murtsunguwar ta fi kauri, ga zanen mutanen Hohokam, tsofaffin mazauna yankin, a kan duwatsun Signal Hill, sai dai hanyar burji ce. A nan ne ƙayar cholla, wata irin murtsunguwa, ta kama ni a ƙafa. Ta fi ƙarangiya mugunta, domin dunƙule guda ne ke ɓallewa ya maƙale, idan ka sa hannu ya koma hannun. Mataji ake zurawa tsakaninsa da fata a fizge, sannan a tsince sauran da hantsaki. Kada su bar jakarka. Macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya kuma, maganinsa shi ne kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba.

A yankin kwazazzabon Sabino na bi hanyar Seven Falls, wajen kilomita 13 zuwa da dawowa, ana tsallake rafi sau bakwai kafin a isa. Gab da damina ruwan kan ƙafe, don haka a tambayi ma'aikatan wurin tukuna. Da damina kuwa, a Yuli da Agusta, haɗarin ya sauya: ruwa na iya sauka can kan dutse, kai kana cikin rana, ambaliya ta riske ka a busasshen rafi. Dokar Arizona ta ba da damar a caji direban da ya kutsa hanyar da aka rufe saboda ambaliya kuɗin ceto shi.

Idan zafi ya yi yawa, dutsen Lemmon ne mafaka. Tsayinsa ya kusa mita 2,800, hanyar hawa kimanin kilomita 43 ce mai kwana-kwana, kana barin murtsunguwa kana shiga daji mai sanyi. Babu gidan mai a sama, a cika tanki daga ƙasa, a tafi da rigar sanyi. Wajen saukowa a sa mota a ƙaramin giya, kar birki ya yi zafi.

Abinci ne inda Musulmi zai fi buɗe ido. A 2015 UNESCO ta sa Tucson cikin biranen da suka shahara da girki, na farko a Amurka, kuma yawancinsa girkin arewacin Meziko ne. Fitaccen abincin titi, Sonoran hot dog, da naman alade ake naɗe shi. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne kitsen alade, da suke kira manteca: yakan shiga dafaffen waken da aka dama, da waina mai faɗi ta alkama, da tamale, ƙullun masara da ake naɗewa a ɓawonta a turara. Ka tambaya da wannan kalmar, masu girki sun fi gane ta. Abin da ya fi burge ni shi ne carne seca, naman shanu da gidan abinci na El Charro, wanda aka buɗe a 1922, ke shanyawa a rana bisa rufi, ɗan'uwan kilishi amma babu labu, a yayyaga shi a soya da tumatir, albasa da koren barkono. Mai neman naman yankan Musulmi ya tambaya a masallacin da ke kusa da Jami'ar Arizona.

Tafiyar yini guda mafi sauƙi ita ce kudu, ta babbar hanya mai lamba 19, wadda allunanta da kilomita aka rubuta su, ba mil ba. Tsohuwar majami'ar San Xavier del Bac, da aka kammala a 1797 a ƙasar ƙabilar Tohono O'odham, tana bakin gari. Nogales, kan iyakar Meziko, kimanin kilomita 100 ce. A hanyar dawowa akwai shingen jami'an iyaka kusa da Tubac, ko da ba ka tsallaka ba za su iya tambayarka takardu, don haka fasfo da biza su kasance a jikinka, ba a otal ba.