Tsatsa a Ganyen Mangwaron Gboko

A watan Mayu na raka Kawu sarin mangwaro zuwa Gboko, shi da yake kai kaya kasuwar 'Yan Lemo tun ina goye. Mun bar Kano da asuba, muka bi ta Jos, Akwanga da Lafiya, sai bayan la'asar muka haye gadar Binuwai a Makurɗi. A gida ko yayyafi ba a yi ba, nan kuwa ƙasa ta sha ruwa har ta ƙoshi.

Washegari muka shiga wata gona. Kawu na can yana ja-in-ja da mai gonar kan kuɗin buhu, ni kuma na fake ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya mai duhun inuwa. Sai na ga ganyenta cike da ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Na shafa, laushi kamar karan-miski, yatsana ya ɗauko ja.

Ɗan mai gonar, wanda ke karatun aikin gona, ya ce min gansakuka ce. Na yi dariya. Gansakukar da na sani koriya ce, a gindin randa ko bakin rijiya, me ya kai ta saman bishiya? Ya miƙo min ɗan madubin ƙara girma. Kowane ɗigo ashe daji ne na siraran gashi, kan kowane gashi da 'yan ƙulle-ƙulle.

Cephaleuros ake kiranta, in ji shi, kuma koriya ce a asali, wani jan launi ne ke rufe koren. Tana shimfiɗe ƙarƙashin siririyar fatar ganye. Da rani takan yi laƙwas, ta koma toka-toka, ka rantse ta mutu. Ruwa na sauka sai ta fito da wannan gashin. Ƙulle-ƙullen jakunkunan iri ne, iska ko ɗigon ruwa ya tsinke su ya kai wani ganyen, in sun jiƙa su fashe, 'ya'yan su fito suna iyo da wutsiya har su sami wurin maƙalewa. Abin da ya shiga bana sai wata damina zai yi nasa irin. Ba ta bar gwaiba da kashu da ganyen shayi ba.

Nan na gane dalilin da ban taɓa lura da ita a mangwaron gidanmu ba: abin da sai da iyo yake yaɗuwa, ina zai kai a iskar Kano?

"Kawu, ka ga wannan kuwa? Ba za ta ɓata mana kaya ba?"

Ko juyowa bai yi ba. "Ganye muka zo saya, yaro?"

Ya fi ni gaskiya. Bishiya mai ƙarfi ba ta cika jin ta ba, sai wadda ta cunkushe ko ta rasa taki, kuma sassabe rassa iska ta ratsa ya fi feshi sauƙi. Muka loda mota da yamma. Ganye biyu na cusa a aljihu, kafin Lafiya sun murƙushe.