Fatin Kirsimeti da ƙarfe 4:30 na yamma, da abin da ya jawo mana a gidan tsofaffi

Aikin shirya wa tsofaffi abubuwan ɗebe kewa ba nema na yi ba, faɗo min ya yi. Matar da ke riƙe da shi ta tafi hutun haihuwa, manaja ta duba ta ga ni ce mai yawan surutu da mazauna gidan, shi kenan aka ce daga yau rabin sati ina wanka da canza kaya da ba da abinci kamar kowa, rabin sati kuma ni ce mai bingo, wato wasan kiran lambobi. Albashi dai ko sisi bai motsa ba. Gidan yana wani ƙaramin gari kusa da Manchester, na zo a 2022 lokacin da Birtaniya ta buɗe biza ga masu aikin kula da tsofaffi, kuma fiye da rabin mutanen da muke kulawa da su suna da cutar mantuwa, wasu kaɗan-kaɗan wasu kuma ta yi nisa sosai.

Jadawalin sati yana manne a bango kusa da ƙofar falo, duk wadda ke wannan aikin ta san irinsa. Motsa jiki a kan kujera, mai gyaran gashi ranar Talata, bingo, rera tsofaffin waƙoƙinsu, kifi da soyayyen dankali ranar Juma'a, mutanen coci su zo, wata mata ta kawo karenta a shafa, wani lokaci a kawo yaran nazare su yi ta tsalle-tsalle. Wannan duk da kansa yake tafiya, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Bingon ma ba na kuɗi ba ne kafin wani ya ce na shiga caca, cakulan ne da sabulu, amma wallahi rigimar da ake yi a kan sabulun nan sai kin gani da idonki.

Abin da jadawali ba ya nunawa shi ne kujeru. Kowa a falon nan yana da kujerarsa, ba a rubuta ba amma kowa ya sani, kamar dai majalisar dattawa a ƙofar gida inda kowa ya san gefen tabarmarsa. Akwai wani baba da ya yi direban bas, shi tasa tana fuskantar ƙofa don ya ga mai shiga da mai fita. Akwai wasu mata biyu da ba sa ko gaisawa amma dole sai sun zauna gefen juna, in aka raba su ranar ba za a ci abinci ba. Sannan akwai tsohuwar masaƙa, ita ce tawa. Ta haura 90, tun tana yarinya ta shiga aikin masaƙar auduga, don yankin nan da can masaƙu ne ko'ina, ƙarar inji ta cinye mata kunne, amma ta iya karanta leɓe tun daga can, haka suke hira a wajen aiki saboda ba a jin magana. In kin tsaya a ƙarshen falo kina gulmar wani da abokiyar aiki ita fa ta riga ta ɗauka, sai dai ki ga tana dariya. Da na gaya mata babana ma a masaƙa ya yi aiki a Kakuri can Kaduna, shi kenan muka ƙulle, kullum sai ta tambaye ni labarinsa, kullum kuma in ba ta kamar yau ne farko. Kujerarta tana kusa da taga, ƙarfen dogarawarta a hannun dama, ba ta tashi sai ta lalubo shi.

Abu na biyu da jadawali ba ya nunawa kuma shi ne lokacin yamma. Duk wadda ta yi aiki da masu cutar mantuwa ta san da zarar la'asar ta yi sanyi gidan sai ya canza. Wadda da safe kuka yi hira lafiya lau sai ta ɗauki jaka ta ce za ta je ɗauko yara daga makaranta, wani ya ce a buɗe masa ƙofa matarsa na jiransa alhali ta rasu da daɗewa, wata ta yi ta zagaye tana neman mamanta. Gajiya ce da duhu da inuwa duk suke haɗuwa su rikita su. Kuma a watan Disamba a arewacin Ingila kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Lokacin nan abin da ake yi shi ne a ja labule da wuri, a kunna fitilu, a rage murya, a kawo shayi.

To a daidai wannan lokacin manaja ta ce za a yi fatin Kirsimeti na 2023. Ƙarfe 4:30. Dalilinta wai iyalai sun taso daga aiki za su samu zuwa, kuma fitilun ado sun fi kyau a hoto in duhu ya yi, don ana son hotuna a shafin gidan na Facebook. Na ce mata ni a ganina 11 na safe ya fi, ko 2 na rana in ya yi nisa. Nas ɗin da ke tsaye a wajen ma ta gyaɗa kai. Manaja ta ce ai na awa ɗaya da rabi ne kawai, za su jure. Da baki muka yi maganar, a tsaye, a bakin ƙofar ofis, kuma har yau in na tuna da bakin nan sai raina ya ɓaci. Ku da kuke kan bizar nan kun san yadda abin yake, gidan da ya ɗauke ki shi ke riƙe da zamanki a ƙasar, in aiki ya tafi kwana 60 ake ba ki ki samo wani mai ɗaukar nauyi ko ki tattara. Mutum mai irin wannan igiyar a wuya sau nawa zai maimaita wa shugabarsa a'a.

Na shirya abina iya ƙoƙari. Na zauna da mai kicin muka bi fayil ɗin kowa, waye ke cin abinci yadda yake, waye sai an yanka ƙanana, waye sai an markaɗa, waye ruwan shansa sai an sa masa hodar kauri don kada ya shaƙe. Kayan ado har da kuɗina na ƙara don abin da aka ware bai kai ko'ina ba. Takardar gayyata sunana ne a ƙasa.

Ranar ina sama ina taimaka wa wata ta sa rigar da 'yarta ta kawo mata, ina saukowa na tarar an juya falo gaba ɗaya. An jera kujeru layi-layi suna kallon mawaƙin da aka ɗauko, an cika tsakiya da kujerun roba na baƙi, sannan ƙarafan dogarawa duk an kwashe an jera su a baranda, wai suna tare hanya kuma suna ɓata hoto. 'Yan ejensi biyu, wato ma'aikatan haya na wucin gadi da aka kawo ranar, su aka sa, ba su san kowa a gidan ba, abin da aka ce su yi shi suka yi, ban ga laifinsu ba. Baba direba an sa shi ya ba ƙofa baya. Matan nan biyu ɗaya gabas ɗaya yamma. Tsohuwar masaƙa tana can tsakiyar layi na biyu, nesa da taga, tsakanin wasu baƙi da ba ta taɓa gani ba.

Mawaƙi ya kunna lasifika, fitilu na walƙiya ja da kore, jikoki na guje-guje, masu na'urar ji a kunne suka fara cire ta don ita ƙara komai take yi ba ta zaɓe. Minti 20 ba a yi ba mutum uku suna neman ƙofa, baba direba ya miƙe yana faɗa wai wa ya ba da izinin cika masa mota haka, wata tana kuka. Ina riƙe da mai kukan na hango tsohuwar masaƙa ta miƙa hannun dama tana lalube inda ƙarfenta yake zama kullum, ta laluba ta sake lalubawa, babu, sai kawai ta yunƙura ta miƙe a haka. Taku biyu ta yi, ƙafarta ta harɗe da ƙafar kujerar roba.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Ba a ɗaga wanda ya faɗi sai an duba shi, don haka a ƙasan ta zauna, muka sa mata filo da bargo, nas ta kira 999, aka sallami baƙi, muka jira motar asibiti har dare ya yi nisa don lokacin sanyi ne layi ya yi tsawo. Ni ce na zauna a gabanta inda za ta ga bakina ina gaya mata suna hanya, suna hanya. An yi mata tiyata ta dawo, amma tafiya ba ta dawo ba, a keken guragu take yanzu, sai da na'urar ɗagawa ake tashinta, mutum biyu.

Sai takardu suka biyo baya. Rahoton faɗuwa, sanar da hukumar CQC mai sa ido a kan gidajen kula a Ingila tunda rauni ne babba, binciken sashen kare tsofaffi na ƙaramar hukuma, zama da iyalinta. A wajen zaman nan ne na ji ana cewa mai shirya taro ita ta tsara lokaci da zaman falo. Wato ni. Na ce ai na faɗa tun farko a yi da safe, aka ce a ina na rubuta. Babu. Da ba don nas ɗin nan ta tsaya ta ce a gabanta aka yi maganar ba, da 'yan ejensi da suka faɗi wanda ya sa su kwashe ƙarafa, ban san inda zan kasance yau ba. Ba a kore ni ba, ba a kuma ce min yi haƙuri ba, aka dai tura mu duka kwas na hana faɗuwa a kwamfuta, ihu bayan hari.

Bari in ɗan kauce, don na san masu cewa ai Turawa ne suka watsar da iyayensu shi ya sa. Akwai waɗanda ba mai leƙo su, gaskiya ne, ina ganinsu. Amma 'yar tsohuwar nan ita kanta ta haura 65, gwiwarta a kumbure, kusan kullum tana nan da rana tana ba uwarta abinci a baki, ta riƙe ta a gida har sai da ta fara fita tsakar dare cikin sanyi tana neman hanyar masaƙa. Kuma zaman ba kyauta ba ne, a Ingila in dukiyar mutum ta wuce fam 23,250 shi zai biya wa kansa, da yawa gidansu ake sayarwa. 'Yar tsohuwar nan ba ta ɗaga min murya ba ko sau ɗaya, tambaya ɗaya ta yi ta maimaitawa, wa ya ɗauke mata ƙarfenta.

Tun daga nan na daina yarda da babban taro. Duk abin da zan yi tsakanin 10:30 da azahar nake yinsa, mutum huɗu ko biyar, a inda suke zaune, ni nake jawo kujerata in same su. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, abubuwan da suka fi riƙe su ba sa cikin jadawalin bango sam. Kwandon tawul daga ɗakin wanki, in ajiye a gaban matan nan biyu in ce don Allah ku taimake ni aiki ya yi min yawa, sai su ninke shi tsaf suna gyara wa juna ninki, a nan na fara jin sun yi wa juna magana, ko da yake faɗa ne. Baba direba na ba shi allo da takarda da biro, bayan karin kumallo mu zaga tare yana duba tagogi da ƙofofi yana sa alama, ranar da ya yi zagayen nan, in yamma ta yi ba ya neman fita sosai. Masu iya tsayuwa su jera cokula a tebur. Tsohuwar masaƙa kuma zaren ulu nake kawo mata a hargitse, ta warware ta naɗe, yatsunta sun san aikin ko da kanta ya manta wace shekara muke, in ta tsinci inda ya tsinke ta ƙulla shi da wani ɗan ƙulli da ban iya kwaikwaya ba har yanzu. Mutanen nan sun yi shekara 40, 50 suna aiki suna riƙe gida, sai a zo a jera su a ce su yi tafi. Wasu na son tafin, ban hana ba, ana yin waƙa har gobe, amma ba lasifika.

Ke da aka ɗora wa irin wannan aikin, karanta tarihin rayuwar kowa a fayil ɗinsa kafin ki sayi ko balan-balan ɗaya, in babu ki tambayi iyali me yake yi da, ƙarfe nawa yake tashi, me ya tsana. Kada ki bari a taɓa kujera ko ƙarfen dogarawa ko tabarau na kowa don hoto, in an kawo 'yan ejensi ke ki zaga da su da kanki. In kuma kin ga abu zai yi illa kin faɗa an ƙi, koma ki tura imel, layi biyu ya isa, kamar yadda muka yi magana ɗazu ina ganin 4:30 zai wahalar da masu cutar mantuwa, ki ajiye kwafi. Ba rashin kunya ba ne, nan ƙasar abin da ba a rubuce yake ba kamar ba a yi shi ba ne. Ni yanzu ko canjin ranar bingo ne sai na tura.

Fatin shekarar da ta biyo baya da 11 na safe aka yi shi, kashi biyu, kowa a kujerarsa, iyalai kuma suka zo, ashe in ranar Asabar aka sa za su zo. Da masu duba gida suka zo daga baya suka yaba da kwandon tawul da allon baba direba, ina tsaye ina zuba shayi manaja ta ce musu ai wannan sabon tsari ne da ta kawo bayan ta yi nazari. Kuɗin kayan adona na fatin 2023 ma har yau rasit ɗin yana jakata.