Zoben jaka da maƙeran fari

Duk mai ɗinka jakar fata ya san ba fatar ce ke fara tona masa asiri ba, ƙarfen da ke jikinta ne: zoben da maratayi ke shiga, kan bel, ƙugiya, da 'yan ƙusoshin ado da ake jerawa a bakin marfi. Fata mai kyau sai ta yi shekaru tana ƙara sheƙi, amma zoben banza damina ɗaya ta ishe shi.

Ni da fatar akuya nake aiki, wadda aka jeme da bagaruwa, a wurin majema nake saro ta a nan Kano. Irin wannan fata ba ta ga-maciji da baƙin ƙarfe. Da zarar laima ta shiga tsakaninsu, ruwan bagaruwar da ya kama fatar sai ya haɗu da ƙarfen, wurin ya yi baƙi ƙirin. Dukawa sun daɗe da sanin haka, don da guntayen ƙarfe suke haɗa kuloko, baƙin rinin da suke zana ado da shi a jikin jar fata. To abin da baduku ke yi da gangan a inda yake so, shi zoben kanti zai yi miki a inda ba ki so, kuma ba ya goguwa.

Kayan da ake shigowa da su a leda, dozin-dozin, a ido ba su da makusa. Sai dai yawancinsu ruwan gwal kawai aka yi musu a sama. Shi ya sa ba na shiga kasuwa sai da maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar lasifika. In ya kama zobe, ƙarfe ne, in ajiye. Amma rashin kamawa ba ya nufin tagulla ce, domin akwai na tutiya, su ma ba sa kamawa. Waɗannan sai an ɗan goga bayansu da magagari. Tagulla ciki da waje launinta ɗaya, tutiya kuwa sai ki ga fari-fari mai toka-toka ya leƙo. Ita tutiya ba ta tsatsa, amma ba ta lanƙwasa, karyewa take yi ɓaras, galibi ranar da aka cika jaka da kaya. Masu shago ba sa son wannan goge-goge, don haka nakan sayi guda ɗaya tukuna in yi gwajina a gabansu.

Zobe da kan bel dai yanzu wurin maƙeran fari nake kai aikinsu, wato masu aikin tagulla da azurfa, ba maƙeran baƙi masu fartanya da gatari ba. Ta hannun masu kayan doki na Kasuwar Kurmi na samu wanda nake hulɗa da shi, wani dattijo da ya gaji sana'ar. Tagullarsa daga 'yan gwangwan take fitowa, tsofaffin kawunan famfo da matattun kwaɗuna. In ƙaramin zobe ne, waya yake naɗawa a jikin sanda, ya yanka, ya like bakin da wuta. In kuwa abu ne mai zane, sai ya fara murza siffarsa da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya bar ɗan ƙofa. Idan ya bushe ya sa a wuta, kakin ya narke ya fita, ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun ake ganin abin da aka samu, saboda haka ba a taɓa samun biyu iri ɗaya sak. Na taɓa ce masa, "Baba, da za ku daidaita min su dai." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "'Yata, in iri ɗaya kike so, ga kanti can."

Sharaɗina da shi guda biyu ne: ya goge cikin zoben sumul don kada ya ci maratayi, kuma ya bar ƙafar ƙusar ado da ɗan tsawo, yadda za ta ratsa fata ninki biyu in sami abin tanƙwasawa ta baya. Aikin gaggawa kuma ba na kai masa idan Sallah ta ƙarato. Lokacin hankalinsa na kan masu hawa, linzami da adon goshin doki sun sha gaban jakata.

Akwai wasu wuraren. Nufawan Bida sun yi suna a aikin tagulla, zanensu na bugu yana da kyau ƙwarai, ko da yake sun fi yin tire da kwanuka. Maƙeran Agadas kuwa azurfa ce tasu, kuma ƙaramin adonsu guda ɗaya a tsakiyar marfi ya wadatar, in aka ƙara ya zama hauka.

Ita ma tagullar tana da halinta. Takan dushe, in ta daɗe cikin laima kuma ta yi kore-kore a inda ta taɓa fata. Ruwan tsamiya da toka mai laushi ke dawo da ita, amma a cire maratayin tukuna, ko a kare fatar da leda. Zik da maɓallin maganaɗisu har yanzu na kanti nake sa wa, don maƙeri ba ya yin su, sai dai ina shimfiɗa ɗan yadi mai kauri tsakaninsu da fatar kafin in ɗinke.