Barmajar ƙwaƙwalwar babur: dawaki nawa ake ƙarawa da gaske?

A warshoshin babura na Jidda da Riyad, kalmar da ta fi yawo a bakin matasa ita ce barmaja. Wani zai ce an yi wa dabbab ɗinsa, wato baburinsa, barmaja, an sauya lissafin ƙwaƙwalwarsa, ƙarfin inji ya ƙaru da doki ashirin, wani ya ce kuɗinsa kawai aka ci. Dukkansu na iya faɗin gaskiya. Ƙarin ƙarfin yana nan, amma yawansa ya dogara ga abin da kamfani ya kulle a injin tun farko. Inda aka kulle da yawa, ana samu da yawa. Inda ba a kulle komai ba, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba.

Ƙwaƙwalwar babur, wato ECU, wadda makanikan gida ke kira biren bos, tana ɗauke da jadawali ne na lambobi. Ta duba saurin juyin inji, ta duba yadda ka murɗa totur, da zafin iska da na ruwa, sannan ta yanke hukunci biyu: tsawon lokacin da nozul zai buɗe ya fesa fetur, da daidai lokacin da fulogi zai ba da wuta kafin fistin ya kai ƙololuwa. A sababbin babura da babu waya tsakanin hannunka da maƙogwaron inji, ita ce kuma ke yanke yadda maƙogwaron zai buɗe, ko da ka murɗe totur har ƙarshe. Barmaja ita ce sauya waɗannan lambobi. Ana yi ta hanya biyu: ko a sake rubuta ainihin ƙwaƙwalwar da manhaja irin ta Woolich Racing, ko a jona wani ɗan akwati irin Power Commander tsakanin ƙwaƙwalwa da nozul ya riƙa ƙara mai ko rage shi. Akwatin ana cire shi a koma yadda ake, amma mai kawai ya fi taɓawa. Sake rubutun ya fi zurfi, kuma ya fi haɗari.

Wanda baburinsa na kafireta ne, irin ƙananan nan da ake zirga-zirga da su a cikin unguwa, ba shi da abin da za a yi wa barmaja. Nasa gyaran jet ne da allura. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan barmaja a kan kafireta, to ya sha da kai.

Ga inda lissafin yake. Fetur yana ƙonewa tas idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi. Inji kuwa ya fi ba da ƙarfi idan man ya ɗan fi haka yawa, wajen iska 12.8 zuwa 13.2 a kan mai 1. Saboda dokokin hayaƙi, musamman Euro 5 da ta fara aiki a Turai a 2020, kamfanoni suna riƙe inji a kan 14.7 a lokacin tafiya a hankali da matsakaicin gudu, da taimakon na'urar da ke sansana hayaƙi a salansa. Shi ya sa sabon babur yake fizga a giya ta ɗaya da ta biyu cikin cunkoso, yake kuma gasa maka cinya. Amma da zarar ka buɗe totur gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa ta daina sauraron waccan na'ura, ta koma ba da mai isasshe, kusa da inda ƙarfi yake. Wato kamfani bai bar wani ƙarfi mai yawa a kwance a can sama ba. Babur da ba a taɓa masa salansa ko matatar iska ba, barmaja mai kyau kan ba shi ƙarin kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. A inji mai doki 70, irin ajin Yamaha MT-07, wannan doki biyu ne ko uku. A ƙaramin inji mai doki 13, bai kai doki ɗaya ba.

Kuma kar ka sa ran ganin sa a agogon gudu. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana hauhawa sosai fiye da gudu, kowane ƙarin kashi ɗaya na gudu sai da kusan kashi uku na ƙarfi, shi ya sa ƙarin kashi 5 na ƙarfi ke ba da ƙarin gudu na kashi ɗaya da rabi kacal. Babur mai kaiwa kilomita 200 a awa zai koma 203.

Idan aka sa cikakken salansa mai buɗaɗɗen ciki da matata mai shaƙar iska sosai, labarin ya ɗan canza. Iska ta ƙaru, tsohon jadawali bai san da ita ba, inji ya koma yana ƙishin mai a wasu wurare. A nan barmaja ta zama dole, ba ado ba, kuma jimillar ƙarin na iya kaiwa kashi 5 zuwa 10. Sai dai a yi adalci: rabin wannan aikin salansa ne da matata, barmaja ta zo ta daidaita ne.

Inda ake samun babban tsalle shi ne baburan da aka ɗaure da gangan. Wasu manyan babura masu siisii 1,000, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, ƙwaƙwalwarsu tana rufe maƙogwaro kaɗan idan juyi ya yi sama, don rage ƙara da hayaƙi. Kana murɗe da totur ɗari bisa ɗari, ita tana ba ka ƙasa da haka. Cire wannan ɗauri na iya fito da doki goma ko fiye, kuma na gaske ne. Haka baburan da aka taƙaita zuwa kilowat 35 don lasisin A2 na Turai. Haka shingen gudun kilomita 299 a awa da kamfanonin Japan suka amince da shi bayan fitowar babur ɗin Suzuki Hayabusa a 1999, ko da yake wanda ya cire wannan a ƙasar da kyamarorin Saher masu kama masu wuce ƙa'idar gudu suka cika titi, ban san inda zai kai shi ba. A duk waɗannan, ba a ƙirƙiri ƙarfi ba, an buɗe ƙofar da aka rufe ne.

Akwai kuma dabarar da ke ruɗin mutane. Mai barmaja zai sa murɗa totur kashi 30 ya buɗe maƙogwaro kashi 50. Ka hau ka ji babur yana zabura kamar an tsikare shi, ka rantse ya ƙara ƙarfi. Bai ƙara ko ƙwayar zarra ba, abin da ke ƙarshen totur aka jawo maka farko. Jiki ba ma'auni ba ne, ballantana idan sabon salansa yana kururuwa a bayanka.

Ma'auni shi ne daino, wato injin da ake ɗora tayar baya a kan ganga mai juyawa a auna ƙarfi. Shi ma ana iya yi masa wasa, don haka tsaya a wurin da kanka. A ɗaure babur, a duba iskar taya da tsaurin sarƙa, a kunna manyan fankoki a gaban lagireto, a dumama inji har zafinsa ya zauna. A ja sau uku a giya ɗaya, ta huɗu ko ta biyar, kafin a taɓa komai. Bayan barmaja a sake ja sau uku, a rana ɗaya, a daino ɗaya, ba tare da an kwance ɗaurin ba, da zafin inji iri ɗaya. Sannan ka duba kusurwar takardar da za a ba ka: akwai tsarin gyaran lissafi da aka rubuta, SAE ko STD ko DIN. STD yana nuna lamba sama da SAE da kusan kashi 4. Idan an auna na farko da SAE, na biyu da STD, an ba ka dawaki na takarda. Haka idan an ja na farko inji yana tafasa, na biyu bayan ya huce. Kar ka tsaya a kan lambar ƙololuwa kaɗai. Dubi layin tsakiya, tsakanin juyi 4,000 zuwa 7,000 a minti, inda kake rayuwa kullum. Ramin da ke nan idan ya cike, ya fi maka doki uku a can saman da ba ka zuwa.

Mai aikin kirki yana da alamomi. Kafin komai zai duba fulogi, matatar iska, ratar bawul da ko akwai yoyon iska, don ba a gina jadawali a kan inji mara lafiya. Zai kwafi ainihin fayil ɗin kamfani ya ajiye, ya ba ka kwafi. Zai jona caja a batir lokacin rubutu, domin idan wuta ta faɗi ana tsaka da rubutawa ƙwaƙwalwa na iya mutuwa, babur ya ƙi tashi. Zai sa na'urar auna hayaƙi mai faɗin ma'auni, irin Bosch LSU 4.9, sannan ya toshe bututun da ke tura iska cikin salansa, wanda Suzuki da Honda ke kira PAIR. In bai toshe ba, iskar nan za ta sa na'ura ta nuna mai ya yi kaɗan, shi kuma ya yi ta ƙara mai har fulogi ya yi baƙi ƙirin, fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. Wanda ya sauke fayil daga intanet ya zuba maka cikin minti goma ba tare da auna komai ba, caca ya yi da injinka.

Cacar ta fi muni a nan Saudiyya, saboda zafi da mai. Fayilolin da ake sayarwa daga Turai yawanci an gina su ne a kan fetur mai lamba 95 ko 98 da iska mai sanyi, an kuma gaggauta wutar fulogi da digiri biyu zuwa huɗu. Kawo wannan Makka a watan Yuli, zafi ya haura 45, ka tsaya a gidan mai ka sha 91 mai koren famfo don ya fi araha maimakon 95 mai ja, sannan ka buɗe totur a babbar giya da ƙaramin juyi. Za ka ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Mai ne ke fashewa da kansa maimakon ya ƙone a tsanake. Babura da yawa ba su da na'urar da ke jin wannan ta ja wuta baya. Ciro fulogi ka duba da fitila: farin kan ya yi fat, da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar an yayyafa barkono. Guntayen fistin ne. In aka ci gaba, gefen da ke riƙe ringi ya karye, ko fistin ya huje. Don haka a gaya wa mai barmaja man da za a riƙa sha, kuma in an gina a kan 95, an yi sallama da 91.

Iskar kanta tana cin ƙarfi. Daga digiri 25 zuwa 45 nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 6. Tsayi ya fi haka: inji yana asarar kusan kashi 1 a kowace mita 100. Wanda ya hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if, mai tsayin kimanin mita 1,800, ya bar kusan kashi 17 na ƙarfinsa a ƙasa, kuma babu barmajar da za ta dawo da iskar da babu. Ƙwaƙwalwa tana da na'urar auna matsin iska da take rage mai da kanta. A tabbata ba a taɓa wannan jadawalin ba.

Abin da ya fi amfani a ƙasar nan, a ganina, ba dawaki ba ne. A sa fanka ta tashi da wuri, misali a digiri 95 maimakon 105. A ɗan ƙara mai a ƙananan juyi don fizga ta ragu. A sassauta yanke man da ake yi idan ka saki totur, don babur ya daina dungurawa a kwana. Waɗannan kana jin su kullum, sai dai shan mai zai ɗan ƙaru. A ɗaya hannun, garanti na iya tashi idan dila ya gano an taɓa ƙwaƙwalwa, kuma salansa mai ƙara da aka cire wa matatar hayaƙi na iya jawo matsala da Murur, wato 'yan sandan hanya, ko a wajen fahas, wato binciken lafiyar abin hawa.

Mai ƙaramin babur na kai saƙo da ke son tashi da sauri daga danja, ya canza ƙaramin faifan sarƙa na gaba daga haƙori 15 zuwa 14. Jan taya zai ƙaru da kashi 7, fiye da abin da barmaja za ta ba shi, da kuɗi kaɗan. Farashinsa shi ne inji zai riƙa juyi sama a doguwar hanya, ƙarshen gudu ya ragu, kuma a wasu babura agogon gudu zai riƙa nuna fiye da gaskiya. Bayan an sa, a sake saita tsaurin sarƙa, a duba tayar baya ta zauna daidai.