Wasiƙa daga Landan: waƙoƙin da suka ƙi tsufa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina nan lafiya, aiki da godiya, Allah ya sa ku ma haka.

Tambayoyinku sun taru a wayata. Wasu na son jin yadda ake sabunta takardun zama, wasu kuɗin haya, ƙannena kuma sun matsa sai na faɗa musu wane irin wasa ne wannan da nake kashe kuɗina ina zuwa kallo, wanda aka ce waƙa ake yi tun daga farko har ƙarshe. Zan taɓa kowanne in Allah ya yarda, amma bari in fara da na ƙarshen, don shi ya fi tsaya mini a rai.

A tsakiyar Landan akwai unguwar da ake kira West End, mai gidajen wasan daɓe wajen arba'in, da yawansu sun haura shekara ɗari da ginawa. 'Yan wasa na kan dandamali, makaɗa kuma na zaune a wani rami a gabansa da gogensu da sarewarsu da ƙahoninsu, madugunsu na tsaye yana ba da hannu. Ba faifai ake sakawa ana motsa baki ba. Da muryar da Allah ya ba mutum zai rera, yana tafiya, yana kuka, wani lokacin yana kwance a ƙasa, kuma sau takwas a mako ake yin haka.

Kafin ki kai ga jin waƙar sai kin biya da jikinki. Kujera mai kyau ta haura fam ɗari, don haka irinmu layi muke bi a wata rumfa da ke dandalin Leicester, inda ake karya farashin tikitin ranar. Ku da kuke kuka da hunturun Janairu, wallahi ku gode wa Allah, ko ba komai naku rana na fitowa da hantsi. Na nan jiƙaƙƙe ne, yayyafi ne da ba ya zuba ba ya ɗaukewa, iska na biyo lunguna tana shiga ta wuyan riga. Safa biyu nake sawa, riga uku, hijabi, da kwat a sama, duk da haka yatsuna kan ƙage har in kasa ciro katin banki daga jaka. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Amfanin hakan ɗaya ne a wurina: kafin wasan ƙarfe bakwai da rabi na riga na yi isha'i, hankalina kwance. Kina shiga ciki kuma sai zafi ya tarye ki, ki kama cire kaya kina tarawa a cinya, don kujerun matsattsu ne, gwiwarki na dukan bayan ta gabanki. Mu masu tikitin araha can ƙololuwar bene ake kai mu, matakala tsaye ƙyam, in kika leƙa ƙasa sai kanki ya juya. Bakwai da rabi kuma bakwai da rabi ce. Wanda ya makara a waje za a tsayar da shi sai an kai inda shigarsa ba za ta dami kowa ba, ko shi wane ne. A hutun tsakiya sai ki ga mutanen da suka shigo suna rawar ɗari sun yi layin sayen askirim. Wannan kam har yau yana ba ni mamaki.

Amma da zarar an rage fitila, mutum sama da dubu sai su yi tsit, ba waya, ba hira. Wannan shirun kaɗai ya isa a je a gani.

Wanda ya fi kama ni shi ne Les Misérables. Daga littafin Victor Hugo na 1862 aka ɗauko shi, Faransawa biyu, Claude-Michel Schönberg da Alain Boublil, suka mai da shi waƙa a Paris a 1980, sannan aka buɗe na Turanci a nan Landan a watan Oktoban 1985. Masu sharhi a jaridu sun kushe shi a lokacin, jama'a ba su saurare su ba, ga shi har yau ana yinsa, in ban da rufewar lokacin korona. Akwai wata mata a ciki, Fantine, da aka kora daga masana'anta bayan an gano tana da 'ya ba tare da aure ba, 'yar kuma na hannun wasu masu masauki da ke tatsar kuɗinta. Kowa ya watse, ita kaɗai ta rage a tsakiyar dandamali, fitila ɗaya a kanta. Sai ta fara I Dreamed a Dream a hankali, tana tuna ƙuruciyarta da saurayin da ya yi bazara ɗaya da ita ya tafi. Muryar na hawa, na hawa, har inda ta gane da bakinta cewa ba zai dawo ba kuma rayuwar da ta yi fata ba za ta zo ba, sai ta sauke. Dattijon da ke gefena, Bature mai furfura da nakatayal, ya cire tabarau ya riƙe a hannu, hawaye na bin kumatunsa bai ko share ba. Bayan waƙar ne ta sayar da sarƙarta, ta sayar da gashin kanta, ta sayar da mutuncinta. Da ba ki ji waƙar ba, da cewa za ki yi lalatacciya ce. Da kika ji, ba ki da bakin zaginta.

Can gaba kuma, daren da ɗalibai suka tare titi a boren 1832, Jean Valjean, wanda ya yi shekara 19 a kurkuku tun daga satar burodi, yana zaune kusa da saurayin 'yar riƙonsa da barci ya kwashe. Addu'a ce yake yi da siririyar murya, yana roƙon Ubangiji ya mai da yaron gida, in mutuwa ce ta ɗauke shi shi tsohon. Ita ce Bring Him Home. Duk wadda ta taɓa kwana a kan ɗa marar lafiya za ta gane ta ko ba ta jin Turanci.

Yanzu ga naku, ƙannena masu cika gidan kallon ƙwallo. Waƙar nan da magoya bayan Liverpool ke yi a Anfield suna ɗaga gyale, You'll Never Walk Alone, ba a filin ƙwallo aka haife ta ba. Richard Rodgers da Oscar Hammerstein ne suka rubuta ta a wasan Carousel da aka buɗe a New York a 1945. A cikin labarin, wani matashi da ya rasa aiki, matarsa ga ciki, ya shiga fashi, abin ya ƙwaɓe, ya kashe kansa. Matar na durƙushe a kan gawarsa, 'yar'uwarta ta dafa ta ta rera mata wannan waƙa don ta iya miƙewa. Waƙar ta'aziyya ce. A 1963 wasu mawaƙan garin Liverpool, Gerry and the Pacemakers, suka sake rera ta, ta yi tashe, 'yan kallo suka ɗauka ba su sake ajiyewa ba. Bayan turmutsutsun filin ƙwallon Hillsborough na 1989, da ya ci rayukan magoya bayansu 97, ta koma aikin da aka rubuta ta dominsa.

Hammerstein ɗin nan ya daɗe yana abin. Tun 1927, tare da Jerome Kern, ya rubuta Ol' Man River a wasan Show Boat, inda wani baƙin lebura da ke dakon auduga a bakin kogin Mississippi ke duban ruwan da ke wucewa bai damu da wahalar kowa ba. Paul Robeson, baƙin mawaƙi ɗan Amurka, ya rera ta a gidan wasan Drury Lane na nan Landan a 1928, daga baya kuma in zai yi ta a taro sai ya canza wasu baitoci, ya cire sallamawa ya sa jajircewa. Ta ƙarshe da Hammerstein ya rubuta ita ce Edelweiss a The Sound of Music, a 1959, watanni kafin rasuwarsa a 1960. Wani kyaftin ɗan Ostiriya ne ke rera ta ga wata 'yar farar fure ta tsaunukansu, yana ban kwana da ƙasarsa da 'yan Nazi suka mamaye. Mutane da yawa har yau sun ɗauka tsohuwar waƙar gargajiyar Ostiriya ce, alhali a Amurka aka yi ta.

Akwai kuma Fiddler on the Roof na 1964, labarin Tevye, talaka Bayahude mai tallan madara a wani ƙauyen daular Rasha a 1905, da 'ya'yansa mata biyar. Ranar auren babbar, shi da matarsa suka tsaya suna tambayar juna a cikin waƙa yaushe yarinyar da suke ɗauka ta girma haka. Ina jin wannan waƙa sai Inna ta faɗo mini, daren da za a kai Yaya ɗakinta, tana yi mata faɗa tana kau da kai don kada a ga idonta.

Da waƙoƙin finafinanmu na tashi, har yau su nake ji in ina girki, kuma ban yarda mawaƙanmu sun gaza kowa a iya zuba kalma ba. Abin da na lura kawai shi ne, sau da yawa a namu labari kan tsaya cik, saurayi da budurwa su sake kaya su shiga lambu, a yi minti biyar, a dawo inda aka tsaya. Kana iya tsallake waƙar ba ka rasa komai ba. A waɗannan da na ba ku labari, in aka cire waƙar labarin ya karye, don a cikinta mutum ke yanke shawara, ko ya gane gaskiyar da yake gudu. Inda ya fara rerawa daban, inda ya ƙare daban. Ina ganin abin da ya sa suke kai shekara tamanin ke nan ana neman su. Kai ƙanina da ke kwana a situdiyo, in an kawo maka aikin fim, ka nemi a ba ka labarin gaba ɗaya ka karanta, ka tambayi kanka me wannan yarinyar ta kasa faɗa da magana a wannan wurin. Shi za ka rubuta.

Sai adanawa. Kowace waƙa a nan a rubuce take, baiti da kiɗa, da sunan wanda ya yi. Ko makarantar sakandare ce za ta yi wasan sai ta nemi izini ta biya, magada su samu rabonsu. Mu kuwa Shata ya rasu tun 1999, Narambaɗa tun kafin a haifi yawancinmu, waƙoƙinsu na yawo a wayoyi, wata rabi, wata da ƙara, ba a san shekarar da aka ɗauka ba. Ga abin yi a hannunmu kuma. Waƙar Shago ta Ɗan Anace kaɗai labari ce sukutum, da jarumi da abokan karawa da kirari. Ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya za su iya ɗora ta a dandamali, da makaɗa na gaske a gefe, kuma na tabbata mutane za su biya su shiga.

Maganar takardu, an daina ba da katin zama, komai ya koma intanet, ku dai riƙa fara neman sabuntawa da wuri kuna ajiye kwafin duk abin da kuka tura. Haya kuwa, ɗaki ɗaya na cinye kusan rabin abin da nake samu, kada wanda zai taho ya yi lissafi da canjin naira kawai.

Kasa-kasan Baba na cikin akwatin ƙarfen nan na ɗakin Inna, har da na Ɗan Anace da na Ɗanƙwairo. Don Allah wani ya kai su a juye kafin damina ta ƙarasa su, a rubuta sunan kowace waƙa, a turo mini. Kuɗin aikin na wuyana. A gaida Inna da kyau, a gaida yara.

'Yar'uwarku a Landan.