Inda na kai a koyon tuƙin yashi da yara a mota

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. A hunturun nan na bar hanyar birji na shiga yashi na gaske, a gefen dutsen Tigidit da ke kudu da Agadas. Babbar hamadar Tenere kam ban doshe ta ba tukuna. Wannan sai da mota biyu aƙalla, da jagora ɗan ƙasa, da izinin hukuma saboda halin tsaro.

Abin da hannuna ya fara kamawa shi ne iskar taya. In za a shiga yashi mai laushi nakan rage ta zuwa wajen bar 1.2 a ma'aunin iska, sai tayar ta baje ta hau kan yashin maimakon ta haƙa shi. Giya ta biyu, ƙafa a daidaice, ban da taka birki da ƙarfi, ban da karya kan mota kwatsam, don taya mai ƙarancin iska tana iya ficewa daga wili. In mota ta kafe, ɗaga ƙafarka nan take, ƙara wuta ƙara binne ta ne. A fito da shebur, a share gaban tayoyi, a shimfiɗa faifan ƙarfe. Da an koma kan tsakuwa a mayar da iskar, in ba haka ba duwatsu su yanka gefen taya.

Amma yaran su ke tsara tafiyar, kuma a ganina haka ya dace. Muna tashi bayan sallar asuba, lokacin yashi yana da sanyi da tauri, hantsi na ɗagawa mu nemi inuwa. Yaro ba ya faɗin ƙishirwa sai ta ci ƙarfinsa, balle da sanyi. Kowa da gorarsa, ni kuma ina lura da fitsarinsu: in ya yi ja, a tsaya a sha. Ba na rabuwa da haɗin ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa, cokalin shayi 6 na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri.

Zango kuwa ba ma yin sa cikin kori, wato busasshen rafi, ko da rani ne, don yaran su saba, saboda da damina ruwan da aka yi a nesa kan taho ba sallama. Da safe kowa ya kakkaɓe takalminsa saboda kunama. Babbar 'yata yanzu ita ke karanta ma'aunin iska, tana tsugune jikin taya tana faɗa mini lamba.

Saura hawan tudu da gangarowa a miƙe. In ya zauna mini, sai Timiya cikin duwatsun Abzin.