Ma'alesh da Ƙannenta

Ran da na sauka Alƙahira, Larabcin da na kwaso daga Islamiyyarmu ta Kano shi ne jarina, kuma ina taƙama da shi. A bakin filin jirgi na tambayi wani direba hanya da Larabcin littafi, na cika masa i'irabi tsaf. Ya saurare ni har na dasa aya, sannan ya ce, "Sadaƙallahul azim." Abokan sana'arsa suka bushe da dariya. Baƙo ko da ido makaho ne. A nan na gane Larabcin Azhar, masallacin da aka aza harsashinsa tun shekarar 970, daban yake da na titi, inda jimun ke komawa "ga", ƙafun kuma ya ɓace ɗungurungum.

Wannan bai daɗe yana ba ni wahala ba. Wata shida a Hayyul Ashir, unguwar da baƙaƙen fata suka yi wa yawa a Madinatu Nasr, sai ga ni ina cinikin tumatir da 'yan kasuwa. Abin da har yau bai zauna mini ba wasu 'yan kalmomi ne da ake jefo maka su dare da rana, waɗanda da a hannuna ikon yake, da tuni na zuba su a Kogin Nilu.

Ta farko ita ce "bukra", wato gobe. Mu ma muna cewa gobe ta Allah ce, amma bukra ta Masar ba ta cikin kalanda. Lokacin da nake neman iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, na bi layi tun bayan sallar asuba, fayil a hammata, hotuna da takardar makaranta a ciki. Da na isa taga wajen azahar, ma'aikaciyar ko ɗago kai ba ta yi ba, tana juya cokali a kofin shayi ta ce, "Fut alena bukra." Ka biyo gobe ke nan. Na biyo gobe har sau huɗu. Tsofaffin ɗalibai suka ce ai sunan tsarin IBM: Insha Allah, bukra, ma'alesh. Sun ce tun kafin a haife ni ake wannan barkwancin.

Ma'alesh ita ce uwar gayya. Malamai sun ce asalinta "ma alaihi shai'", babu komai a kansa. To ga inda gizo ke saƙar. A Hausa, wanda ya taka ka shi zai ce yi haƙuri, kai kuma idan ka ga dama ka ce ba komai. Kalma biyu, mutum biyu, kowa da tasa. Ma'alesh ta haɗiye duka biyun. Wanda ya yi maka laifin shi zai furta ta, ya ba ka haƙuri, ya kuma yafe wa kansa a numfashi guda, kai kuwa a bar ka da baki buɗe.

Akwai lokacin sanyi da bututun makewayinmu ya fashe. Sanyin Alƙahira a watan Janairu ba abin wasa ba ne, gidajen ba a gina su don shi ba. Na kira mai gyaran famfo da hantsi, ya ce "hadir", ya ƙara da "hamsa da'ayi", minti biyar. Muka yi ta kwasar ruwa da bokiti da tsohon tawul, ni da abokin ɗakina ɗan Damagaram, ƙafafunmu sun yi fari fat. Sai bayan isha'i ya iso, sigari a baki, babu ko sifana a hannunsa. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alesh ya basha, bukra." Ga ni basha, sarauta guda ta zamanin Turkawa, tsaye cikin ruwan makewayi da silifa ɗaya. Na buɗe baki zan yi faɗa, ɗan Damagaram ya ja rigata ya ce, "Malam, bar shi, ya riga ya faɗi kalmar."

"Mafish fakka", babu canji, wannan ba baƙuwa ba ce, kwandastocin Legas ma sun iya ta. Wuce nan.

Wadda ta taɓa kunyata ni ita ce "halli". Mai tasi ya kai ka, ka miƙa kuɗi, ya dafa ƙirji ya ce halli, wato bar shi kawai. Karon farko na ɗauka karamci ne, na yi masa addu'a har da iyayensa, na kama hanyata. Ban yi taku goma ba na ji yana danna oda yana ƙwala kira. Ashe su kansu Misirawa suna da sunan abin, "azumat marakbiyya", tayin 'yan jirgin ruwa: suna tsakiyar kogi, kana gaɓa, su ce maka bisimilla. A gaskiya ban ga laifinsu sosai a nan ba, mu ma muna yi wa mai wucewa bisimilla da loma uku a kwano.

Akwai ɗaya kuma da ba ta ba ni dariya ko kaɗan. "Ya samara." Kai baƙi, ke nan. Wani zai ce maka wasa ne, har ya rantse kalmar yabo ce a waƙoƙinsu. Amma kunne ya san bambancin kiran wasa da na raini. Wata rana a ƙaramar bas, hanyar Ramsis, wasu samari biyu a kujerar baya suka dinga maimaita ta, suna haɗawa da "shokolata". Na yi kamar ban ji ba, na ƙura wa taga ido. Sai wata tsohuwa da ke gefena, kwandon burodi a cinyarta, ta juya ta wanke su tas, ta tambaye su ko haka uwarsu ta koya musu. Motar ta yi tsit, har direba ya rage rediyo.

Sannan ta juyo gare ni, ta ɗan taɓa hannun rigata ta ce, "Ma'alesh ya ibni," wato ya ɗana.

Ban san me zan ce mata ba. Na ce wa direba "ala gamb ya usta", na sauka, alhali da sauran tafiya kafin inda za ni.